Jan Kube a Ƙarƙashin Farar Jamfa

Tun hantsi kuke zaune a kan bencina kuna gardama. Wannan ya ce bindigar da ya gani a waya ta fi, wancan ya ce a'a, tasa ce mai cin harsashi da yawa. Ɗayanku har yana cewa wai aikina ba wani abu ba ne, jaka ce kawai ake ɗinka wa ƙarfe. To madalla. Tunda kun hana ni aiki da surutu, ku matso in gaya muku, amma kada wanda ya katse ni.

Ni ne Sule baduku, shekara arba'in da wani abu ina gaban wannan allon yanka a nan Tudun Wada. Ban taɓa harba bindiga ba, ko ta farauta. Ku kuma sani tun yanzu, doka ba ta ba ni ko ku ikon yawo da ƙaramar bindiga ba. Masu zuwa wurina neman kuben bindiga 'yan sandan ciki ne, waɗanda ba sa sa kaki, hukuma ce ta ba su makamin, kuma sai na ga takardar mutum kafin in ɗauki awonsa. An sha zuwa mini da babbar mota da daɗin baki, ba takarda. Ruwa nake ba su su sha, in ce su kama gabansu. Bindigar gaske ba ta zama a shagon nan. Abin aikina ga shi can a rataye, bindigogin katako guda huɗu. Masassaƙi ya yi mini su daidai girman na gaske, ni kuma na huda su na zuba darma har nauyin ya zo ɗaya.

Kuben farko da na ɗinka na wuƙa ne, a gaban maigidana Baba Tanko, Allah ya jiƙansa. Shekara uku ina murza masa zare da kakin zuma ina wasa masa wuƙar yanka, bai bar ni na taɓa basilla ba. Ranar da ya bar ni, na zauna na ƙulla abina ina ji da kaina. Ya karɓa, ya zura wuƙa, ya kife kuben. Wuƙa ta faɗo ta cake kusa da babban yatsan ƙafarsa. Ya dube ni ya ce, "Sule, kube ka yi ko kwando?" Na sake wani na matse shi sosai. Ya ja, ya ja, wuƙa ta ƙi fita. Ya ce, "Wannan kuma kabari ka haƙa mata." Sai a na bakwai ya ajiye bai ce komai ba, wanda a wurinsa yabo ke nan. Ƙa'idar ɗaya ce, kube ya riƙe idan an kife shi, ya saki idan an ja. A wurinsa kuma na koyi jar fatar akuya, wadda ake rinawa da karan dafi. Duk abin da ake so a girmama mutum da shi, da ita muke yi, gidan takobi, matashin kujera, jakar Alƙur'ani. Haka na taso, ja a wurina girma ne.

Wanda ya kawo mini aikin bindiga wani tsohon saje ne, Saje Bawa, shi ke riƙe da ma'ajin makamai a ofishinsu. Takalminsa ya kawo gyara, ya ga kuben wuƙa a rataye, ya ɗauka ya kife shi, ya ja. Sai ya ce, "Malam Sule, kuben da ake kawo mana daga waje, don masu bel da kwat aka yi su. Yarana kuwa jamfa suke sawa da wando mai mazagi. Za ka iya yi musu wanda zai zauna?" Na ce in Allah ya yarda. Da kirgi na fara, fatar saniya mai kauri, da ɗamara siririya da ake ɗaurawa a kan singileti. Shekaru ina yi musu, ba wanda ya dawo da ƙara.

Ku da kuke gardamar wadda ta fi, ba ku taɓa tunanin yadda mutum ke wuni a garin nan ba. Sau biyar a rana zai tsuguna alwala. Zai shiga sahu, kafaɗa da kafaɗa, ƙugu da ƙugu, ya yi ruku'u da mutane a bayansa. Zai shiga keke a matse shi tsakanin mutum biyu. Zai hau acaɓa, cikinsa a jikin bayan mai tuƙi. Ya haɗu da babba ya durƙusa. A duk waɗannan wurare akwai ido ko gwiwar hannun wani a jikinsa. Saboda haka bindigar da za a ɓoye, abu uku ke zaɓenta, hannun mutum, da jikinsa, da rigarsa. Na hannu aikin Saje Bawa ne, shi zai kai mutum filin harbi ya ga wadda yake iya riƙewa ya sami abin da ya nufa. Na jiki da na riga nawa ne.

Wata rana da safe Saje Bawa ya shigo da wani matashi dogo siriri, ya ce sunansa Kofur Isiya. Ya ce za a tura shi wani aiki, kuma akwai fistol biyu da ya harba da kyau, babba da ƙarama, an ce ya zaɓi ɗaya. Daga baya na san aikin. Wata kasuwar ƙauye ce kusa da daji, ba zan faɗi sunanta ba. Zai riƙa zuwa a matsayin mai sayen masara, yana lura da masu jidar abinci da fetur suna kai wa ɓarayin mutane. Shi kaɗai zai shiga. Idan aka ga bindiga a jikinsa, ba zai dawo gida ba.

Isiya bai ko zauna ba ya ce, "Baba, babbar nake so. Inda zan je ba mai kawo mini ɗauki, harsashi ne ɗan'uwana."

Na ce, "Kofur, inda za ka, idan har ta kai ka zaro ta, abu ya riga ya ɓaci. Aikinka kada a san tana nan."

Ya ce, "Ai jamfa tana da faɗi, za ta rufe."

Ban yi musu da shi ba. Na sauko da babbar ta katako, na ɗaura masa a ƙugun dama da tsohon kube, ya saki riga. A tsaye kam ba ka ganin komai, har ya fara murmushi. Na shimfiɗa buzu na ce, "Ba salla na ce ka yi ba, kwatanta mini ruku'u." Yana sunkuyawa ƙotar ta ɗaga bayan jamfar, sai ka ce muciya ya ɓoye. Na ce ya tsuguna kamar zai yi alwala. Bakin bindigar ya soke shi a cinya, nauyin ya danne mazagi, wando ya fara zamewa, ya kai hannu da sauri ya cafe. Saje Bawa ya yi dariya har da tari. Ya ce, "To Kofur, da wane hannu za ka riƙe buta, da wane za ka riƙe wando?"

Na canza masa ƙaramar. Ita shafaffiya ce, ƙotarta gajera, ta kwanta a jikinsa lif. Ya yi ruku'u, ya yi sujada, ya zauna ya tanƙwashe ƙafa. Na sa Saje ya zauna a benci ya matse shi kamar a keke, bai ji komai ba. Isiya ya daɗe yana kallon babbar a kan allo, kamar wanda aka raba da budurwa. Sannan ya ce, "Baba, na ji. Ƙaramar zan ɗauka."

A nan ne na yi abin da na tara ku ku ji. Yaron ya shiga raina. Matashin ɗan sanda ya saurari tsohon baduku, ba kullum ake samu ba. Na ce wannan ba zan yi masa da kirgi ba kamar kowa, girmama shi zan yi. Na buɗe akwati na ɗauko jar fatar da na daɗe ina ɓoyo, mai laushi, jawur. Na ninka ta biyu na ɗinke, har na bi gefen da ɗinkin ado. Kun ji wauta? Ado a kan abin da duk amfaninsa kada a gan shi. Da ya zo karɓa ya juya shi ya ce, "Baba, wannan ai ya fi ƙarfin ɓoyewa." Muka yi dariya mu duka. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cewa duk jan da Baba Tanko ya koya mini a waje ake rataya shi, iska na bugunsa. Ba a taɓa ɗaura shi a jikin mai gumi a rufe da riga ba.

Bazara ce, ruwan fari bai sauka ba. Kasuwa uku Isiya ya ci lafiya. A ta huɗu ya sa farar jamfa ta yadi mai araha irin ta sauran masu saye, tun safe yana cikin rana ana awo ana ɗinke buhu, gumi ya jiƙa shi sharkaf. Aka kira azahar, ya shiga masallacin kasuwa, ya sami sahun gaba. Bindiga ba ta turo riga ba, ba ta yi ƙara ba, zaɓenmu ya yi daidai. Amma gumi ya narkar da karan dafi, ja ya keto yadin, ya zana kuben a kan farar rigar, baki da ƙota, komai a fili. Shi bai sani ba, abin yana ta baya-baya. Mutanen sahu na biyu kuwa raka'a huɗu suka yi yana gaban idonsu.

Da aka sallame ba wanda ya ce masa uffan. Sai dai mai masarar da suke wasa da shi tun safe ya ƙi haɗa ido da shi. Jikinsa ya ba shi, ya bar buhunan ya hau acaɓa. A wani rafi da hanya ke gangarawa mutum biyu suka fito da adda. Ya ɗaga hannun dama ya kare kansa, sara ya sauka a hannun. Mai acaɓan, Allah ya saka masa, bai tsaya ba, ya murɗa wuta suka haye. Isiya ya tsira da ransa, amma yatsunsa uku ba su sake tanƙwaruwa ba.

Ni ina nan ina gyaran wata jaka Saje Bawa ya shigo. Ya yi sallama, bai zauna ba, ya ajiye leda a kan allon nan. Na buɗe, sai ga jamfar. Jinin hannun riga ya bushe ya yi duhu. A ƙugu kuwa ga jana nan tas, har layin ɗinkin adon ya fito.

Ya ce, "Malam Sule, ka san wannan aikin?"

Na ce, "Nawa ne."

Ya ce, "Yana asibiti. Da ransa." Ya juya ya fita.

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar nan ba, kuma na ji tsoron Allah. Na je asibitin da la'asar. Isiya ya amsa gaisuwata kamar yadda ake amsa wa babba, bai ƙara komai ba. Matarsa tana gefe tana masa fifita, ba ta ɗago kai ba. Na tsaya kaɗan na yi addu'a na fito.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mummunar shekarata. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya kama ni, sun dai daina zuwa. Na koma lallaɓa takalman 'yan makaranta da hannun jakar mata. Maƙwabcina tela ya ce, "Malam Sule, ka sauke katakan nan ka hura wuta da su, ka huta." Na ce ba zan sauke ba. Ni na ɓata aikin nan da hannuna, kuma ba zan mutu ban gyara shi ba, ko da ba mai sake saye.

Ga abin da na yi. Na sayi farin yadi na yayyanka. Kowace rana idan rana ta take, in ɗaura guntun fata a ƙuguna, a kan tsokata, in rufe da farin ƙyalle, in taka da ƙafa daga nan zuwa Dutsen Abba in dawo. In kwance in duba. Fata mai baƙin rini tana zuba. Rawaya tana zuba. Abin da ya fi ba ni tsoro, har kirgin da na yi shekaru ina aiki da shi, idan ba a wanke shi da kyau ba, bagaruwar da aka jeme shi da ita tana fitowa ruwan ƙasa-ƙasa. Wato sauran da na yi wa kube Allah ne kawai ya rufa musu asiri, don yawancinsu riga mai duhu suke sawa. Ƙuguna ya yi ƙuraje ya saɓule. Maiɗakina ta gaji da wankin ƙyallaye, ta ce, "Malam, wai rini ka koma ne ba ka gaya mana ba?" A unguwa har an fara cewa Sule baduku ya taɓu.

Sai da damina ta wuce, wata bazarar ta kama, na sami abin da nake nema. Kirgi ba rini, a jiƙa shi a wanke, a sake ruwa, a sake, har ruwan ya fito garau kamar na sha. A ɗora shi a kan bindigar katako yana da danshi, a danne da ƙashi ya ɗauki siffarta, ya bushe a inuwa. Sannan a narka kakin zuma a ba shi ya sha har ya ƙoshi. Ba mai, ba ado, ba komai. Mummuna ne, kalar busasshen ganye. Na kai shi Dutsen Abba sau goma, ƙyalle ya dawo fari sau goma.

Ina zaune wata ranar Talata na ji sallama, na ɗago, Isiya ne. Ya miƙo hannun dama muka gaisa, na ji yatsun nan uku a sandare a cikin tafina. Ya zauna a inda kake zaune ɗin nan. Ya ce an so a ajiye shi a tebur yana rubutu, ya ƙi. Saje Bawa ya yi wata da watanni yana koya masa harbi da hagu, har ya ci gwaji. Za a mai da shi aikin waje, kuma dole ya sake zaɓe. Fistol ba ta yi masa yanzu, don sai an ja samanta da ɗaya hannun, yatsunsa kuma ba sa kamawa. Libarba ƙarama zai ɗauka, mai ganga a tsakiya, ita hannu ɗaya ya ishe ta.

Ya ce, "Baba, kuben hagu nake so."

Na ce, "Kofur, garin nan cike yake da dukawa. Me ya dawo da kai wurina?"

Ya ce, "Sau uku ina cikin keke za ni wankin ciwo, na gan ka a hanyar Dutsen Abba da rana tsaka, farin ƙyalle yana leƙowa ta ƙasan rigarka. Mai keken ya ce ka taɓu. Ni na gane abin da kake yi."

Na tashi na sauko da libarbar katako. Ita matsalarta cikinta ne, gangar tana turo riga idan ba a sami mazauninta ba. Muka yi ta gwaji har azahar, gaba kaɗan, baya kaɗan, har ta faɗa wani ɗan lungu kusa da ƙashin ƙugunsa ta lafe. Ya yi ruku'u, ya tsuguna, ya durƙusa. Har ya ce hagun ma da amfaninsa, tunda a gaisuwarmu mutum sai ya riƙe maka dama ya tambayi gida da yara da gajiya bai saki ba. Na ɗinka kuben a kwana biyu, amma ban ba shi ba. Kwana bakwai ina ɗaure da shi a jikina da katakon a ciki, sannan na aika ya zo.

Na ce sharaɗi ɗaya, ya sa farar jamfa, ya yi yawonsa cikin rana tun safe, ya zo mu yi azahar a masallacin layinmu. Ya zo a jiƙe da gumi, har bayan rigar ya manne masa. Ya shiga sahun gaba. Ni na tsaya a sahu na biyu, daidai bayansa, ta hagu. Liman ya ta da kabbara. Gaskiya zan gaya muku, ban san surar da na karanta ba. Raka'a huɗu idona na kan ƙugun yaron nan, ya sunkuya ina kallo, ya ɗago ina kallo. Aka sallame, ya juyo a hankali.

Ya ce, "Baba, yaya?"

Na ce, "Fara fat."

Ya ce, "Alhamdu lillahi. To ka tashi ka sake sallarka, don ni ka bi, ba liman ba."

Na tashi na sake, kuma ban yi masa musu ba. Yau Isiya sufeto ne, yana nan yana aikinsa da hagu, shi ke turo mini sababbin yaransu, kuma shi da kansa yake hana su babbar.

Saboda haka duk wanda ke son koyon aikin nan a cikinku, ga guntun fata, ga farin ƙyalle, hanyar Dutsen Abba kuma kun san ta. Kai kuma mai cewa jaka ce kawai, tashi ka buɗe akwatin nan. Jamfar ce a sama, ɗaga ta kowa ya gani. Ban san sau nawa na wanke ta da hannuna ba. Jinin ya fita tun wankin farko, jan nawa ne ya ƙi fita.